ƘAUNAR ALLAH BA TA DA SHARAƊI, IN JI KIRISTA: DARASI DAGA ZANGON KUTARE

Masu karatu, in mutum ya zauna ya dubi zaman duniya da idon basira, zai tarar cewa yawancin abin da muke kira ƙauna a tsakaninmu yana tafe ne da lissafi. Mace takan kai wa ƙawarta biki ran suna ko ran aure, tana sane da cewa in nata ya zo za a mayar mata har da ƙari. Ɗan kasuwa yakan yi wa abokin cinikinsa kara domin ya san gobe ma rana ce. Wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa kai ma ka je masa, wanda bai zo ba kuwa ka riƙe shi a zuciya. Hausawa sun taƙaita wannan duka da cewa ba ni gishiri in ba ka manda. Wannan kuwa ba abin zargi ba ne, domin da irin wannan ba-ni-in-ba-ka ne gari yake zaunuwa, zumunci kuma yake ɗorewa.

Amma fa akwai wata tambaya da wannan tsari ba ya iya amsawa. Yaya ke nan za a yi da mutumin da ba shi da gishirin da zai bayar? Wa zai ƙaunaci wanda ba ya iya rama biki, wanda ma ganinsa kaɗai yakan sa mutane su kau da kai?

Addinin Kirista yana da tasa amsar, kuma a kanta ne aka gina kusan dukan koyarwarsa. Kirista sun ce Allah yana ƙaunar ɗan Adam ba tare da ya kafa masa wani sharaɗi ba, wanda kuma ya ɗanɗani irin wannan ƙauna tilas ne a ga alamarta a cikin zamansa da mutane. A cikin wannan bayani za mu duba ma'anar wannan magana, sa'an nan mu auna ta a wani wuri inda riya ba ta da kasuwa, watau zangon kutare.

Allah Ne Ya Fara

Tushen maganar shi ne cewa Allah ne ya fara. Ba ya jiran mutum ya gyaru tukuna kana ya ƙaunace shi. Da harshen Girka aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar da marubutansa suka fi amfani da ita a kan wannan batu kuwa ita ce "agape", wadda masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka ba ta sunan ƙauna. Manzo Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya yi nuni da cewa abu ne mai wuya a sami wanda zai ba da ransa ko da saboda mutumin kirki ne, amma ga shi Almasihu ya ba da nasa saboda mutanen da a lokacin suna tsundum cikin zunubi. Yahaya kuma, a sura ta 4 ta wasiƙarsa ta fari, ya bayyana cewa ƙaunar da mutum yake yi wa Allah amsa ce kawai ga wadda Allah ya riga ya yi masa, ya ƙara da cewa duk mai da'awar ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, to, ƙarya yake yi.

Misalin da ya fi shahara a kan wannan shi ne wanda Yesu ya bayar a Bisharar Luka sura ta 15. Wani mutum yana da 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ya tashi ya ce a ba shi rabonsa na gado tun uban yana da rai, abin da kowane Bahaushe ya san cin mutunci ne da ba shi da na biyu. Uban ya ba shi. Yaro ya shiga uwa duniya ya ɓatar da dukiyar a sharholiya, yunwa ta faɗa wa ƙasar da yake, har ya koma kiwon aladu yana sha'awar abincinsu. Da wuya ta yi wuya sai ya shirya jawabin da zai yi wa ubansa, cewa shi bai cancanci a kira shi ɗa ba, a ɗauke shi ɗan ƙodago kawai. Watau shi ma da lissafi ya komo, yana so ya biya bashinsa da aiki. Amma tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje ya rungume shi, bai ma bari ya kai ga maganar ƙodagon ba. Aka kawo riga da zobe da takalmi, aka yanka ɗan maraƙi.

Wan yaron ya dawo daga gona ya tarar ana shagali, ya yi fushi ya ƙi shiga gida. In an bi lissafi kuwa yana da gaskiya, domin shi ne ya yi shekara da shekaru yana bauta wa gidan. Abin lura shi ne uban ya fito wurinsa shi ma yana lallashinsa, kamar yadda ya fita ya taryi ƙanen. Malaman Kirista sun ce dukan 'ya'yan biyu kuskure ɗaya suka yi, gama kowannensu ya ɗauka cewa zama ɗa lada ne da ake biya bayan an yi aiki.

Wani malamin Jamus, Martin Luta, ya taɓa bayyana wannan bambanci a wata muhawara da aka yi a birnin Haidelbag a shekarar 1518. A ganinsa ƙaunar ɗan Adam takan je ne ta nemo abin da ya riga ya yi kyau ta manne masa, ta Allah kuwa takan sami abin da ba shi da kyau, ita ce kuma take sa shi ya yi kyan.

To, mai karatu yana iya cewa, in haka ne ashe sai kowa ya ci karensa ba babbaka, tun da an ce ba sharaɗi. Bulus da kansa ya kawo wannan tambaya a sura ta 6 ta wasiƙar nan ta Romawa, ya kuma yi watsi da ita. Alal misali a ɗauki uwa da ɗanta mai ƙazuwa. Ba ta jiran ya warke kafin ta goya shi, amma kuma ba ta barinsa da ƙazuwar, sai ta wanke shi ta shafa masa magani ko da yana kuka. Haka Kirista suka fahimci al'amarin. Ba a biyan kome a bakin ƙofa, amma wanda ya shiga ba zai zauna yadda ya zo ba.

Hannun Da Aka Miƙa

Faɗar wannan a majami'a ranar Lahadi ba shi da wuya. Inda ake gane gaskiyarsa shi ne wurin mutumin da kowa yake gudu, a tarihin 'yan Adam kuwa da wuya a sami wanda aka guda kamar kuturu. A dokar da ke cikin Littafin Firistoci sura ta 13, wanda firist ya tabbatar yana da cutar tilas ne ya zauna shi kaɗai a bayan zango, ya sa yagaggun tufafi, in ya ga mutane kuma ya ɗaga murya ya gargaɗe su kada su matso. Masana sun ce kalmar da aka fassara da kuturta a can ta ƙunshi cututtukan fata iri iri, amma wariyar dai guda ce.

Bisharar Markus sura ta 1 ta ba da labarin wani kuturu da ya zo ya durƙusa a gaban Yesu yana roƙon warkarwa. Bisharu sun nuna a wurare da dama cewa Yesu yakan warkar da magana kawai, har ma daga nesa. Amma wannan mutum sai ya miƙa hannu ya taɓa shi. Masu wa'azi sukan tsaya a kan wannan taɓawa, domin mutum ne wanda dokar ƙasarsa ta raba shi da hannun kowa.

Har ila yau a Luka sura ta 17 akwai labarin kutare goma da suka tsaya daga nesa suna neman jinƙai, a kan iyakar Samariya da Galili. Duka goman suka warke. Ɗaya tak ne ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, watau daga mutanen da Yahudawa ba sa ga maciji da su. Yesu ya tambayi inda taran suke, amma babu inda aka ce ya janye lafiyar da ya ba su. Sun tafi da lafiyarsu da rashin godiyarsu. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin za mu komo kansa.

Fada Damiyan Na Molokai

A cikin waɗanda suka ɗauki wannan koyarwa da gaske babu wanda sunansa ya kai na Fada Damiyan. An haife shi a ƙauyen Tiremelo a ƙasar Beljiyam ran 3 ga watan Janairu, 1840, ɗan manoma ne, sunansa na yanka kuwa Yusufu. Wansa ne ƙungiyarsu ta Katolika ta shirya aikawa tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik, sai ciwo ya kwantar da shi, Damiyan ya roƙa a tura shi a madadinsa. Ya sauka a Honolulu a shekarar 1864, a can ne kuma aka naɗa shi limami.

A wannan zamani kuturta tana yaɗuwa a tsakanin 'yan ƙasar. A shekarar 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a wata doka ta ware masu cutar, daga 1866 kuma aka fara kwasarsu a jirgin ruwa ana kai su wani lungu na tsibirin Molokai. Wurin kurkuku ne da ba ya bukatar ganuwa, gama teku ta kewaye shi ta fuska uku, ta bayansa kuma ga dutse a tsaye wanda tsawonsa ya haura ƙafa 1,500. Aka raba miji da mata, aka raba uwa da ɗa. Kafin a soke dokar a shekarar 1969 an kai mutum wajen 8,000 wannan wuri.

A shekarar 1873 Bishop ɗin Honolulu ya nemi limaman da za su yarda su riƙa zuwa can bi da bi, domin bai ga zai iya tilasta wa kowa ba. Huɗu suka miƙa kansu. Damiyan ne ya fara zuwa, ya sauka ran 10 ga watan Mayu yana da shekara 33, da ya ga halin da mutanen suke ciki kuma sai ya nemi a bar shi ya zauna gaba ɗaya. Kwanakinsa na farko a gindin bishiya ya yi su.

Aikinsa bai tsaya ga wa'azi ba. Da yake ɗan ƙauye ne mai ƙarfi wanda ya iya sassaƙa, sai ya shiga gina ɗakuna tare da mutanen, ya faɗaɗa majami'a, ya taimaka aka jawo ruwa da bututu, ya tara marayu wuri guda. Yakan wanke gyambo ya ɗaure da hannunsa. Yakan ƙera akwatin gawa ya haƙa kabari, domin kafin zuwansa sau da yawa akan yar da matattu ne a rami marar zurfi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yakan sa hannu a ƙwarya ɗaya da su, lofensa ma yakan miƙa musu su zuƙa. Hukuma kuwa ta ɗauke shi kamar ɗaya daga cikinsu. An taɓa hana shi hawa wani jirgi da ya tsaya a bakin gaɓa, har sai da ya tsaya a cikin kwalekwale ya furta zunubansa da babbar murya ga wani limami da ke bisa jirgin, da harshen Faransanci.

Ba shi kaɗai ne mai irin wannan zuciya a wurin ba. Akwai 'yan ƙasa masu lafiya da yawa da suka bi mazansu ko matansu da son ransu, waɗanda ake kira "kokuwa" da harshen Hawayi, watau mataimaka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jonatan Nafela, wani babban mutum na ɗariƙar Momon, wanda ya bi matarsa a 1873, ya kamu da cutar, ya rasu a 1879. Duk da bambancin ɗariƙa, shi da Damiyan abokai ne.

Wajen ƙarshen shekarar 1884 Damiyan ya tsoma ƙafarsa a ruwan zafi, fata ta sale amma bai ji kome ba. Nan ya gane abin da ya same shi. Ya ci gaba da aiki har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ran 15 ga watan Afirilu, 1889, yana da shekara 49, bayan ya yi shekara 16 a wurin. Kafin rasuwarsa wata Sista mai suna Mariyan Kof ta iso da 'yan'uwanta a 1888, ta ci gaba da aikin har ta rasu a 1918, ita kuwa ba ta taɓa kamuwa da cutar ba.

Kada a ɗauka Damiyan mala'ika ne. Mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, ya kuma sha saɓawa da hukuma da shugabanninsa. Bayan rasuwarsa wani Rabaran a Honolulu ya rubuta wasiƙa yana kushe shi da cewa ƙazami ne marar ladabi. Shahararren marubucin nan Robat Luwis Sitibinsan, wanda ya ziyarci zangon da kansa, ya mayar masa da martani a 1890. Bai musa cewa Damiyan yana da aibu ba, sai dai ya tuna wa Rabaran ɗin cewa mai aibun ne ya je ya zauna da mutanen, shi kuwa yana zaune a gidansa mai kyau. A shekarar 2009 Fafaroma Benedik na 16 ya sa Damiyan cikin jerin tsarkakan Ikilisiyar Katolika.

A Nan Gida Nijeriya

Irin wannan aiki ya iso ƙasarmu ma. Tun kafin zuwan Turawa, sadakar Musulmi ce take riƙe da kutare a garuruwan Hausa, suna da unguwanninsu har da sarkinsu, ba a kuwa kore su bayan teku kamar yadda aka yi a Hawayi ba. Abin da babu shi ne magani. 'Yan mishan sun buɗe zangon kutare a Itu, cikin Jihar Akwa Ibom ta yanzu, a ƙarshen shekarun 1920, da Garkida ta Jihar Adamawa a 1929, da Uzuakoli ta Jihar Abiya a 1932. A cikin shekarun 1930 kuma aka danƙa wa mishan na S.I.M. kula da zangunan En'e na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Sunan Yadakunya ma kaɗai ya isa wa'azi a kunnen Bahaushe.

A farko allurar man wani itacen Indiya ake yi wa majiyyata, mai zafin gaske, amfaninta kuma kaɗan ne. A Uzuakoli ne, wajen ƙarshen shekarun 1940, Likita Jon Lo da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson kaɗan kaɗan a sami sauƙi, ga ta kuma da araha. Wannan bincike da aka yi a ƙasarmu ya amfani duniya baki ɗaya.

A wannan zango na Uzuakoli ne kuma aka yi wani mutum da ya kamata kowane ɗan Nijeriya ya san labarinsa, watau Ikoli Harcourt Whyte. An haife shi a Abonnema a 1905, ya kamu da cutar tun yana yaro, aka kai shi Uzuakoli a 1932. A 1949 likitoci suka tabbatar ya warke, aka ce yana iya tafiya. Sai ya ƙi. Ya zauna tare da waɗanda ba su warke ba, ya kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikin majiyyata, ya tsara waƙoƙin ibada sama da 200 da harshen Ibo, alhali shi Bakalabare ne. Ya rasu a haɗarin mota a 1977. Labarinsa ya nuna abin da Kirista suke nufi da cewa wanda aka ƙaunata kyauta shi ma yakan bayar kyauta.

Tambayar Da Ba Za A Tsallake Ba

Duk da haka akwai maganar da adalci bai yarda a ɓoye ta ba. Gwamnatin Turawan mulki ta daɗe tana hana 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi, zangon kutare kuwa yana cikin ƙofofin farko da suka samu na shiga. Su kansu ba su ɓoye cewa suna fatan majiyyata su karɓi addininsu ba, waɗansu sun karɓa, da yawa kuma sun zauna a kan Musuluncinsu. Saboda haka Musulmi yana da dalili in ya tambaya, shin wannan ƙauna ce marar sharaɗi, ko kuwa ita ma gishiri ce ake jiran manda?

A nan ne labarin kutare goma yake da amfani, domin shi ne ma'aunin da Kirista suka gada daga Ubangijinsu. Mutum yana da ikon ya faɗi abin da ya gaskata, yana kuma da ikon ya yi fatan wani ya bi shi. Amma duk inda aka ɗaura magani ko abinci ko makaranta a kan cewa sai mutum ya sake addini, to, an bar koyarwar an koma ciniki, kome yawan addu'ar da aka yi a wurin. Duk kuma inda wata ma'aikaciyar jiyya ta durƙusa ta wanke gyambon tsohon da ta san zai mutu Musulmi, ta wanke shi da kyau kamar yadda za ta wanke na ɗan majami'arsu, to, a nan an cika ta. Wannan ma'auni yana nan har yau a kan kowace Ikilisiya da take rabon kayan agaji.

Abin Da Ya Rage Mana

Ilmi ya sauƙaƙa mana abin da ya yi wa mutanen da wuya. A shekarar 1873, shekarar da Damiyan ya sauka a Molokai, wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar da take kawo kuturta. Saboda haka ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuwa la'ana ba ce. Tana bin numfashi ne daga wanda bai fara shan magani ba zuwa ga wanda ya daɗe yana zaune da shi kurkusa, kuma wajen kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu yana iya kare kansa daga gare ta. Likita Pol Birand, wanda ya yi aiki a garin Belor na ƙasar Indiya, ya nuna cewa yawancin gutsirewar yatsu ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba. Jijiyoyi ne suke mutuwa, mutum ya daina jin zafi, ya yi ta ƙonewa da yankewa bai sani ba, kamar dai yadda ya faru da ƙafar Damiyan.

A shekarar 1981 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna, tun daga 1995 kuma kyauta ake ba da su a ko'ina cikin duniya. Wata shida ne ko wata goma sha biyu, gwargwadon nauyin ciwon, wanda ya fara sha kuwa ya daina yaɗa ta. Alamar farko ita ce wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. In an je asibiti da wuri ba za a rasa ko yatsa ɗaya ba. Amma har yanzu akan sami sababbin masu cutar wajen 200,000 a duniya kowace shekara, ƙasarmu ma tana cikin waɗanda ake samunsu. Babban abin da yake sa mutane su ɓoye har ciwon ya yi musu lahani shi ne tsoron wariya. Ke nan ƙyamar da muke nunawa ita ma tana gutsire yatsu.

Wannan ne ya sa maganar ba ta tsaya ga tarihi ba. Jefa kwabo a cikin ƙoƙon mai bara daga tagar mota, a Ikko ne ko a Kano, abu ne mai kyau, amma ana iya yinsa ba tare da an dubi fuskar mutumin ba. Abin da ya fi wuya shi ne a gaishe shi da sunansa, a sayi kayan da yake sayarwa, a bar 'ya'yansa su zauna benci ɗaya da namu a makaranta, in kuma ɗansa ya zo neman aure a dube shi da halinsa. Mutumin da ya sha magani ya warke, ko da ya rasa yatsu, ba ya ɗauke da cutar kuma, ba dalili ke nan da za a keɓe masa kwano.

Ba kuwa kutare kaɗai ba ne. Kowane gari yana da mutanen da ya tura bayan zango. Akwai mai taɓin hankali da aka ɗaure a ɗaki, akwai wanda ya fito daga gidan yari ba mai ba shi aiki, akwai kuma matar da yoyon fitsari ya sa miji ya sake ta. Asibitin Babbar Ruga da muka ambata ya zama babbar cibiyar ƙasa ta yi wa irin waɗannan mata aiki, watau wurin da ya karɓi waɗanda aka guda jiya yana karɓar waɗanda ake gudu yau.

Kirista da yake so ya san ko ya fahimci ƙaunar Allah ba ya bukatar ya haye teku kamar Damiyan. Ya dubi mako gudan da ya wuce kawai, ya ƙidaya mutum nawa ya yi wa alheri waɗanda ya tabbata ba za su iya rama masa ba, ya kuma duba ko ya ci gaba da yi wa wanda bai gode ba. Maƙwabcinsa Musulmi ma, wanda addininsa ya hore shi da yin alheri domin Allah kaɗai, ba tare da gori ko neman godiya ba, zai ga cewa wannan ƙidaya ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Kowace ranar Lahadi ta ƙarshen watan Janairu duniya takan tuna da masu fama da kuturta, al'adar da wani Bafaranshe mai suna Ra'ul Folero ya kafa a 1954. Amma su mutanen suna nan a unguwanninmu sauran kwanakin shekara duka.

Allah ya ba mu zuciyar da za ta miƙa hannu, amin.